Sabis ya gaza a garinmu: in sauya layi ne, ko in fara sayen babbar waya?

Tambaya: Wani mai sana'ar hatsi da ke zaune a gari mai nisa da hedkwatar ƙaramar hukumarsu ya aiko da cewa layin da ya daɗe yana riƙe da shi ya gaza masa. Kira na tsinkewa ana tsakiyar magana, sai ya fita ƙofar gida kafin a ji shi da kyau, saƙon banki kuma yakan iso bayan mai sayen kaya ya gaji da jira. Ƙaramar waya mai madannai ce a hannunsa. Yana so ya koma wani kamfanin sadarwa, ya kuma sayi babbar waya, amma yana tsoron rasa lambar da abokan cinikinsa suka san shi da ita. Ya ce a faɗa masa ta inda zai fara.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi a kasuwa. Shawarwari biyu ka haɗa a tambayarka, sauya kamfani da sauya waya, kuma ya fi maka alheri ka raba su, domin kowace ɗaya maganin wata matsala ce dabam. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, kyawun sabis ba sunan kamfani yake bi ba, wuri yake bi. Kamfanin da ya fi kowa ƙarfi a cikin birnin Kano yana iya zama mafi rauni a garinku, wanda kuma mutanen birni ke kuka da shi yana iya zama shi kaɗai ke da ƙarfen sabis kusa da gidanka. Saboda haka kada ka ƙaura da lambarka, kada kuma ka kashe kuɗi mai yawa, sai ka gwada a daidai wuraren da kake zama da inda kake ciniki.

Kafin gwajin, ya kamata ka san abin da ke damun layinka, domin abubuwa iri huɗu ne mutane ke haɗawa su kira su rashin sabis. Na farko shi ne raunin sabis ɗin kansa, wato ƙarfen da ke ba ka sabis ya yi nisa, ko kuma akwai dutse, tudu ko gine-gine a tsakaninku. Alamarsa ita ce wadda ka ambata: a cikin ɗaki magana ba ta fita, amma da ka fito fili ko ka hau tudu sai ta gyaru. Rufin kwano, bangon siminti mai rodi da katangar ƙasa mai kauri duk suna rage ƙarfin abin da ke isa wayar. Na biyu shi ne cunkoso. Kowane ƙarfen sabis yana da iyakar adadin mutanen da zai ɗauka a lokaci ɗaya, don haka a ranar kasuwa, ko da daddare bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya koma kan wayarsa, za ka ga sandunan sabis cike a fuskar waya amma kira ya ƙi shiga, ko saƙon banki ya maƙale. Na uku matsala ce da ke bayan ƙarfen: man janareta ya ƙare, an sace batura, masu aikin titi sun tsinke wayar fayiba da ke binne a ƙasa, ko ruwan sama mai ƙarfi ya raunana haɗin da ke tsakanin wani ƙarfe da wani. Wannan yakan ɗauke sabis ga kowa da kowa a gari lokaci guda, ya dawo lokaci guda. Na huɗu kuwa wayar ce da kanta, domin tsohuwar waya da ta sha faɗuwa ko ta sha ruwa eriyarta na iya lalacewa, haka tsohon sim da ya goge.

Ta huɗun ce mafi sauƙin tabbatarwa, kuma da ita za ka fara. Ka cire sim ɗinka ka saka a wayar wani, a cikin ɗakin da kake samun matsala, sannan ka saka sim ɗin wani mai irin layinka a taka wayar. Idan layinka ya yi aiki lafiya a wayar wani, to kamfanin ba shi da laifi, sabuwar waya kaɗai ta ishe ka. Idan duk wayar da aka saka shi halin ɗaya ne, alhali maƙwabcinka mai irin layin ba ya kuka, sai ka je ofishinsu da katin shaida a ba ka sabon sim a kan lambarka.

Game da ta ukun akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Yawancin ƙarafan sabis a Najeriya yanzu ba kamfanonin layi ne ke kula da su kai tsaye ba. Kamfanoni irin su IHS Towers da ATC ne ke kula da su, suna ba kamfanonin layi hayar gurbi a jikinsu. Wannan ya sa ƙarfe guda yana iya ɗauke da eriyar kamfanoni biyu ko uku, duk a kan janareta ɗaya. Idan haka abin yake a garinku, kuma matsalar wuta ce, to ranar da layinka ya ɗauke shi ma ɗayan zai ɗauke, kuma ƙaurar ba za ta ƙara maka komai ba. Ka tambayi mutanen gari ko duk layukan tare suke tafiya tare suke dawowa. Haka nan idan an rufe sabis ne da umarnin hukuma saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, da kuma Zamfara a watan Satumba na 2021 kafin abin ya shafi wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, to umarnin kan hau dukkan kamfanoni ne, babu wanda zai tsira ta hanyar sauya layi. Sauya kamfani yana magani ne a matsala ta farko da ta biyu, idan ɗaya kamfanin yana da ƙarfe mafi kusa da kai, ko kuma nasa bai cika da jama'a ba.

Yanzu sai gwajin. Kai da ba ka sayen buhu sai ka soka ka ga ƙwayar da ke ciki, bai kamata ka sayi layi da jin talla ba. Ka fara da tambayar waɗanda rayuwarsu ta dogara da sabis a garinku, musamman masu POS, masu sayar da kati da masu cajin waya. Mai POS ya san layin da ke wucewa da tiransifa da rana tsaka a ranar kasuwa, domin duk cinikin da ya maƙale shi ke shan faɗa, kuma yawancinsu suna riƙe da layi fiye da ɗaya, sun gwada duka. Bayan haka ka yi rajistar sabon sim na kamfanin da aka fi yabawa, da lambarka ta NIN, a matsayin layi na biyu, tsohon layinka yana nan yadda yake. Ka riƙe su tare na tsawon mako biyu ko uku, yadda za ka ratsa ranakun kasuwa da dama, ka gwada kira a cikin ɗakin kwananka, a rumfarka, a sito, da kan hanyar da kake bi zuwa kasuwannin ƙauye, da safe da rana da dare. Gwajin rana ɗaya yana ruɗi, domin kowane kamfani yana da ranar da yake lafiya da ranar da ya kwana da matsala.

Kada ka dogara da sandunan da ke saman fuskar waya, saboda babu wata ƙa'ida ɗaya da masu ƙera waya suke bi wajen zana su. Sanda uku a wata waya na iya zama biyu a wata, a wuri ɗaya kuma a layi ɗaya. Idan ka sami aron wayar Android, akwai ma'auni na gaskiya a cikin saitinta, a sashen bayanin waya, ƙarƙashin halin da sim ke ciki. Za ka ga lamba mai alamar ragi a gabanta da haruffan dBm a bayanta. A 4G, abin da ya kai -80 zuwa -90 sabis ne mai kyau, -100 na lallaɓawa ne, daga -110 zuwa gaba kuwa kana bakin iyakar inda ƙarfen ke iya kaiwa. Wato duk lokacin da adadin ya ƙaru, sabis raguwa yake yi. Ka rubuta abin da kowane layi ya nuna a wuri guda, za ka ga bambancin da idonka. Amma wannan ma'auni ƙarfin sabis kaɗai yake nunawa, ba ya nuna cunkoso, don haka sai ka haɗa shi da gwajin kira na gaske da tura saƙo.

Idan garinku yana kusa da iyaka, kamar yankin Jibiya, Illela ko Maigatari, akwai ƙarin abin lura. Waya kan kama sabis ɗin kamfanonin Nijar idan ya fi na gida ƙarfi a wurin, sai mutum ya ga kira ya ƙi tafiya ko kuɗinsa na zurarewa, ya ɗauka layinsa ne ya lalace. Maganinsa shi ne a shiga saiti a zaɓi kamfanin da hannu, a hana wayar zaɓa da kanta.

Idan gwaji ya nuna ɗaya kamfanin ya fi, sai maganar lambarka, kuma a nan hankalinka ya kwanta. Tun watan Afrilu na 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta buɗe tsarin da ke ba mutum damar komawa wani kamfani da lambarsa yadda take, ba tare da an sauya ko da adadi ɗaya ba. Shi ya sa a yau farkon lamba ba ya tabbatar da kamfaninta: a da duk wanda ya ga 0803 ya san MTN ce, 0805 Glo, 0802 Airtel, 0809 kuma 9mobile, amma yanzu kowace daga cikinsu tana iya kasancewa a wani kamfanin. Yadda ake yi shi ne, ka je ofishi ko shagon kamfanin da kake son komawa, ba wanda za ka bari ba, da kanka, ɗauke da katin shaida, lambar NIN da wayar da layin ke ciki yana aiki. Za ka cike takarda, sannan ka tura kalmar PORT zuwa 3232 daga layin. Za a ba ka sabon sim, kuma bisa ƙa'ida ana kammala aikin cikin sa'o'i 48. Da zarar tsohon sim ya daina nuna sabis, sai ka saka sabon. Ƙaurar kyauta ce, ba a biyan kuɗinta.

Akwai abubuwan da ba sa bin ka zuwa sabon gida, kuma su ne mutane ke nadama a kansu. Ragowar katinka, datarka da duk wani garaɓasa suna mutuwa tare da tsohon sim, don haka ka cinye su kafin ka tafi, idan kuma ka ci bashin kati ka biya tukuna. Abu mafi muhimmanci gare ka shi ne lambobin mutane. Masu ƙananan wayoyi da yawa a cikin sim suke ajiye lambobi ba tare da sun sani ba, kuma ɗan kasuwa da ya rasa lambobin dillalansa da direbobinsa ya yi asarar da ta fi kuɗin waya. Ka kwashe su zuwa cikin wayar, ka kuma rubuta masu muhimmanci a littafi, kafin ka tura saƙon nan. Sannan ka tabbata sunan da ke kan rajistar layin naka ne kuma ya dace da na NIN ɗinka, domin tun umarnin haɗa layi da NIN na watan Disamba 2020, saɓanin suna yana tsayar da irin wannan aiki. Idan tun asali wani ne ya yi maka rajistar layin da sunansa, wannan za ka fara gyarawa a wurin kamfaninka na yanzu. Ka kuma sani bayan ƙaura akwai wa'adin da dole ka jira kafin a bari ka sake wata, wanda a farkon tsarin kwana 90 ne. Ka tambayi wa'adin da ke aiki yanzu a ofishin kafin ka sa hannu. Wannan wa'adi shi ne babban dalilin da ya sa na nace a kan gwaji, domin wanda ya ƙaura cikin fushi ya tarar da abin da ya fi na baya muni, zama zai yi da shi har lokacin ya cika.

Ra'ayina, ga mutum mai irin sana'arka, sau da yawa ƙaurar ma ba dole ba ce. Kana yawo tsakanin kasuwanni, kuma da wuya kamfani ɗaya ya fi kowa a duk inda kake zuwa. Riƙe layi biyu na kamfanoni dabam-dabam a waya mai gurbin sim biyu ya fi ba ka kariya, ɗaya ya ɗauke ɗaya ya riƙe ka. Inda ƙaura take zama wajibi shi ne idan tsohon layin ba ya karɓar kira a gidanka da rumfarka, domin a lambar da aka san ka da ita ake nemanka, kuma ta nan saƙon banki ke zuwa. A wannan hali sai ka ƙaura da tsohuwar lambar zuwa kamfanin da ya fi ƙarfi a inda kake kwana, layi na biyu kuma ka zaɓi wanda ya fi kyau a hanyoyin da kake bi.

Abin da ba zan so ka yi ba ko kaɗan shi ne ka jefar da tsohon layin a aljihun tebur ka ci gaba da sabon. Layin da ya ɗauki watanni ba a amfani da shi, kamfani yana rufe shi, daga baya ya sayar da lambar ga wani. Idan lambar tana haɗe da asusunka da BVN ɗinka, sabon mai ita zai riƙa samun saƙonnin bankinka, da lambobin sirri na wucin gadi da banki ke turowa don tabbatar da ciniki, kuma ta wannan ƙofa an kwashe wa mutane kuɗi. Duk ranar da ka yanke shawarar barin wata lamba gaba ɗaya, ka fara zuwa banki a sauya ta a kan asusunka da BVN, ka sauya ta a WhatsApp idan ka buɗe da ita, sannan ka bar ta. Wanda ya ƙaura da lambarsa ba ya buƙatar wannan duka, tunda lambar ba ta sauya ba, sai dai ya gwada lambar bankinsa ta tura kuɗi da ƙaramin adadi bayan an kammala, ya tabbata saƙo na shigowa.

Sai maganar babbar waya. Ina so ka shiga wannan da sanin cewa babbar waya ba ta ƙirƙirar sabis a inda babu shi. Ƙaramar wayarka tana aiki ne da 2G, wanda a yankunan karkara shi ya fi kowane yaɗuwa, domin shi aka fara kafawa tun zuwan GSM a 2001, kuma zangonsa, wato hanyar da sabis ke bi a cikin iska, na megahaz 900 ne mai nisan tafiya. Ƙa'idar ita ce, zango mai ƙaramin adadi ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, mai babban adadi ya fi ɗaukar data da yawa amma tafiyarsa gajera ce. Shi ya sa za ka ga gari yana da sabis na kira lafiya lau, amma intanet ba ta motsi. Idan a garinku 2G kaɗai ke akwai, babbar waya za ta yi kira kamar yadda ƙaramar ke yi, WhatsApp zai riƙa tura rubutu da ƙyar, hoto da bidiyo kuwa sai ka shiga gari. Don haka a cikin gwajin da za ka yi da wayar aro, ka duba ko alamar 4G na fitowa kuma tana zama, ko kuwa harafin E ne ke tsaye a wurin, wanda ke nufin datar 2G.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da ya fi kyamara da girman sikirin muhimmanci, wato zangunan 4G da wayar ke iya kamawa. A Najeriya ana amfani da zango na 3 mai megahaz 1800, na 7 mai 2600, na 20 mai 800, da na 28 mai 700. Na 20 da na 28 su ne masu nisan tafiya, su ne kuma suka fi amfani ga mutumin karkara. Glo ta fara 4G ɗinta a kan zango na 28, kuma mutane da yawa sun sayi waya mai 4G suka tarar ba ta kama na Glo, saboda wayar ba ta da wannan zango. Ka nemi waya mai duka huɗun. Ana rubuta su a jikin kwali ko a shafin kamfanin da ya ƙera wayar, da alamar B3, B7, B20 da B28. Wayoyin da aka ƙera don kasuwar nan, irin su Tecno, Infinix da itel na kamfanin Transsion, da Samsung da Redmi da aka shigo da su ta hannun dillalan da kamfani ya amince da su, sun fi dacewa da zangunanmu, amma duk da haka ka duba samfurin da za ka saya, domin masu araha sosai wani lokaci ana rage musu zango. Hanya mafi tabbas ita ce ka saka sim ɗinka a wayar tun a shago ka ga ta kama 4G. Kada ka ƙara kuɗi saboda 5G. MTN ta fara shi a 2022, Airtel a 2023, a kan zango na megahaz 3500 wanda tafiyarsa gajera ce, kuma a manyan birane aka fi samunsa.

A sauran siffofin wayar, batir ne kan gaba. A inda sabis ke da rauni waya tana ƙara ƙarfin da take aikawa don ta isa ƙarfen, sai caji ya riƙa zuba da sauri, ga shi kuma babbar waya ko a birni da ƙyar take wuce kwana ɗaya ko biyu, alhali ƙaramarka tana kwanaki. Ka nemi mai batir 5000 mAh, ka kuma yi tanadin abin ajiyar caji ko ƙaramar sola idan wuta ba ta zama a garinku. Ram ɗinta, wato abin da ke sa waya ta yi aiki da sauri ba tare da maƙalewa ba, ya kai gigabait 4 na gaske. Idan ka ga an rubuta 4+4 a kwali, huɗun farko ne na gaske, sauran aro ne daga ma'adanar wayar kuma ba su kai na asali sauri ba. Ma'adana kada ta gaza gigabait 64, in da hali 128, saboda hotunan kaya da saƙonnin murya na WhatsApp suna cika waya da wuri. Gurbin sim ya zama biyu.

Wajen saye, ko a Farm Centre ko titin Beirut a Kano ne, ko a shagon garin da ya fi kusa da kai, ka danna *#06# a kan wayar, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba da sunan shagon, ka kuma tambayi garanti da inda ake kai gyara. A wayarka ta farko ina ba ka shawarar sabuwa mai matsakaicin kuɗi a kan ta hannu mai babban suna. Wayar hannu da aka shigo da ita daga Amurka ko Turai tana iya zuwa a kulle da kamfanin layin ƙasarsu, ko babu wasu zangunanmu, ko batirinta ya gaji, ko kuma tana ɗaure da asusun mai ita na farko yadda ba za ta buɗu ba bayan an goge ta. Wadda aka saya a hannun wanda ba a sani ba kuma tana iya zama ta sata, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara tuhuma.

Ranar da ka karɓi wayar, asusun Google da za a buɗe a kanta ya zama naka, da lambarka, kalmar sirrin kuma ka rubuta ka adana a gida. Kada yaron shago ya saka nasa don ya sauƙaƙa maka, domin duk lambobinka can za su tafi, kuma ranar da aka goge wayar sai an nemo shi kafin ta buɗu. A cikin wannan asusu za ka ajiye lambobin mutane, yadda ko wayar ta ɓata za ka same su a wata. Ka saka wa wayar makulli, ka kuma saka wa sim ɗin lambar PIN, saboda ɓarawon waya abin da yake fara nema shi ne sim ɗin da ke haɗe da banki. Ka adana katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa, domin a nan lambar PUK take, wadda ake buƙata idan an yi kuskuren PIN sau uku. Duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobin da aka turo maka, ko na banki ko na WhatsApp, ko da ya ce daga kamfani yake, ka kashe wayar.

Kuɗin da za ka riƙa kashewa ma zai sauya. Babbar waya tana cin data ko ba ka taɓa ta ba, saboda manhajoji suna sabunta kansu, WhatsApp yana sauke bidiyon da aka turo a zauruka, Facebook kuma yana kunna bidiyo da kansa. Ka sa a kashe maka waɗannan tun ranar farko, a kunna tsarin tsimin data. Ka riƙa sayen data ta mako ko ta wata, kada ka bari wayar ta shiga intanet da kuɗin katinka, domin ya fi tsada nesa ba kusa ba, musamman bayan ƙarin kuɗin kira da data na har kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince da shi a watan Janairu 2025. Sauƙin da aka samu shi ne tun 2023 lambobin aiki iri ɗaya ne a dukkan kamfanoni: *310# don duba kuɗi, *311# don saka kati, *312# don sayen data, *323# don duba ragowarta, sannan tura STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla. Saboda haka ko ka sauya kamfani ba sai ka haddace sababbi ba. Ƙaramar wayar kuma kada ka sayar da ita. Ka bar ta da layi ɗaya a ciki saboda ranar da babbar ta mutu ba caji kana tsakiyar kasuwa.

Yana iya faruwa gwajin ya nuna duk kamfanonin suna da rauni a cikin gidanka amma akwai ɗan sabis a sama ko a waje. Za a ba ka shawarar sayen na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa, kuma ina roƙonka ka guje ta, domin NCC ta yi gargaɗi cewa amfani da ita ba da izini ba laifi ne, kuma tana dagula sabis ɗin maƙwabta. Abin da ya halatta kuma yake aiki shi ne rauta mai ɗaukar sim, wadda ake haɗa mata eriya a ɗaura a kan dogon ƙarfe tana fuskantar inda ƙarfen sabis yake, ita kuma ta rarraba intanet a cikin gida, ka riƙa kira ta WhatsApp. Sannan ku kai kuka inda ya dace. Ka kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ta kowane kamfani, ka bayyana sunan gari da lokutan da matsalar ke faruwa, ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. Idan ba a yi komai ba, ka kira NCC kyauta a 622 ka ba su wannan lamba. Idan kuma garin gaba ɗaya ne ba shi da ƙarfen sabis, takarda daga mai gari da ƙungiyar 'yan kasuwa, mai nuna yawan jama'a da girman kasuwarku, ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi a wurin kamfanoni. Ku aika kwafinta ga asusun USPF da ke ƙarƙashin NCC, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don kai sabis garuruwan da kamfanoni ba sa ganin riba a cikinsu, ku kuma sanar da ɗan majalisarku don ya bi sawun takardar.